Za mu Tamale aikin bishara na mako 3: yaya ake ƙulla abota da mutanen gari har ta ɗore?

Ɗan Bukoki

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Majami'armu a nan Yamai za ta aike mu mutum 8, maza 4 mata 4, zuwa arewacin Gana bayan girbi. Wata ƙaramar ikkilisiya a gefen Tamale ce ta gayyace mu: taimakon rufin ajin yara, koyar da waƙoƙi, da ziyarar gidaje tare da mutanensu. Ni aka ɗora wa jagoranci. Maganar mota da takardu tana hannun dattawa. Abin da ke raina mutanen can ne. Ba na so mu je mu yi hotuna mu dawo, bayan wata biyu ba wanda ya tuna sunan wani. Ina ya kamata mu sauka? Wace tsaraba za mu riƙe? In an roƙe mu kuɗi mu ce me? Bayan mun dawo kuma, yaya ake riƙe zumuncin? Masu sani su taimaka mana dalla-dalla.

Dattijon Tawa

Ɗana, sannu da ɗaukar kaya. Fara da masauki, don daga nan komai ke gyaruwa ko ya ɓaci. Idan ku takwas kuka kwana wuri guda, kuka ci tukunya guda, kuka yi hirarku har dare, to Yamai kuka ɗauka kuka kai Tamale, kuma haka za ku dawo da ita ba wanda ya san ku. Ku roƙi faston can ya raba ku gidajen 'yan ikkilisiya biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Mutum ɗaya shi kaɗai kewar gida kan kama shi wajen kwana na huɗu, ya shige cikin waya. Uku zuwa sama kuma sukan kafa fadarsu a tsakar gidan mutane, maigida ya koma ɗan kallo.

Gidan da aka sauke ku, nan za ku zauna har ranar tashi. A Luka sura 10 Ubangiji ya aiki almajirai biyu-biyu, ya umarce su su zauna gida ɗaya, su ci abin da aka ba su, kada su riƙa canza gida. Wanda ya bar ɗakin da babu lantarki ya koma mai fanka a mako na biyu ya kunyata mai masaukinsa a gaban unguwa, kuma irin wannan ba a mantawa da shi.

Ciyar da baƙo biyu kwana 21 nauyi ne a kan talaka, ko da bai nuna ba. Ku tambayi ma'ajin ikkilisiyar abin da mutum ɗaya ke ci a rana, ku ninka, ku aika masa mako 2 kafin ku iso. Shi zai sayi masara, shinkafa, mai, sabulu da gawayi ya kai gidajen da sunan ikkilisiya. Kada ku miƙa wa maigida kuɗin abinci hannu da hannu. Ranar da ya karɓa ya zama mai otal, ku kuma 'yan haya.

Aikin rufi kada ya cinye yini. Ku yi shi daga safe zuwa azahar, ku bar aƙalla awa 3 da yamma babu komai a cikinsu. A wannan lokacin ne ake zama gindin itace, ake raka mutum gona, ake zuwa gaisuwar mutuwa. Jagorori da yawa suna cika jadawali don su sami abin faɗa wa majami'a in sun dawo, kuma su ne ke dawowa ba aboki ko ɗaya.

Ku je da buƙata. Baƙon da ya san komai, yana da komai, ba ya samun aboki, sai dai masu jiran abin hannunsa. Magini na can shi ne shugaban aikin, ko da a cikinku akwai wanda ya fi shi karatu. Ku ce a koya muku waƙarsu kafin ku koyar da taku. Kowa ya riƙe ƙaramin littafi, kullum da dare ya rubuta sunayen da ya ji, da 'ya'yan wa, da abin da aka ce a yi addu'a a kai. Dubi Romawa sura 16: sama da mutum 20 Bulus ya gaisar, kowa da sunansa.

Mu mutanen jihar Tawa mun ga wannan abu ta ɗaya ɓangaren. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM sun shigo Nijar ta Damagaram a 1924, asibitin Galmi kuma an buɗe shi a 1950, tun daga nan baƙi ke zuwa suna komawa. Waɗanda ake ambata da alheri su ne waɗanda suka koyi Hausa, suka zauna kan tabarma, aka gan su wurin suna da wurin makoki. Yanzu ku ne baƙin.

Maganar kuɗi kuwa, shawarata a taƙaice: kada ɗayanku ya ba kowa daga aljihunsa. Duk roƙo a kai shi ga faston can.

Mai Albasar Galmi

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, fataucin albasa zuwa Gana ne sana'ata, kuma tunda tambayar ta shafi zama da mutane ce, bari in sa baki.

Ƙanena, ƙasar da za ku Dagbon ce, ƙasar Dagomba, babban sarkinsu Ya-Na yana zaune a Yendi. Yawancin mutanen Tamale da kewaye Musulmi ne, don haka makwabtan da za ku gaisa da su safe da yamma ba 'yan majami'a ba ne. Abu na farko: ku faɗi ko ku su wane ne tun ranar farko. "Mu Kirista ne daga Nijar, ikkilisiya kaza ce ta kira mu." Ba wanda zai ƙi ku don wannan. Abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya sha shayinka mako biyu, ya saba da 'ya'yanka, sannan ka gane cewa gaisuwar tasa ƙugiya ce. Daga ranar an rufe ƙofa, ba gare ku kaɗai ba, har ga 'yan ikkilisiyar da za ku bari a garin. In an tambaye ku addininku ku amsa da gaskiya. In kun ga mutum ba ya son zancen, ku bar shi, amma gobe ku sake gaishe shi kamar jiya. A nan ake gane mai son mutum.

Kafin ku ɗora kwano ko ɗaya, a kai ku gaida sarkin ƙauyen, sannan limami. Ɗan gari ne zai shige gaba. Ana cire takalmi a ƙofa, a durƙusa, a tafa hannu a hankali, kuma ba a yi wa sarki magana kai tsaye, akwai mai isar da magana tsakaninku. Ana zuwa da goro, sau da yawa tare da ɗan kuɗi da ake kira goro shi ma. Nawa ne, faston can ya sani, kada ku ƙara a kai don burgewa, za ku tsadar da ƙofar ga masu zuwa bayanku. In aka ba ku goro ku karɓa da hannun dama ku gutsura. Ranar gaisuwa ce kawai, kada a fito da takardun wa'azi a zauren sarki.

Harshe. Gana ƙasar Ingilishi ce, Faransancinku ba zai saya muku ko ruwa ba. Hausa za ta yi muku aiki a kasuwa da zango, don fataken Hausa sun daɗe suna zuwa Salaga, ƙasar Gwanja, sayen goro, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka bazu zuwa Kumasi da Akra da sauran garuruwa. Amma Hausar can ba ta raba mace da namiji, za ka ji an ce "ya zo" alhali mace ake nufi. Kada a yi dariya, kada a gyara. Sannan ga tarko: saboda sauƙi sai ku manne wa masu jin Hausa, ku bar Dagomban da suka sauke ku. Ku koyi gaisuwar Dagbani tun a mota. Da safe "Dasiba", da rana "Antire", da yamma "Aniwula", amsar duka "Naa". In sun ce muku "Amaraaba", marabarmu ce. Tsohuwa ta ji baƙo daga Nijar ya rusuna ya ce mata Dasiba, ta saki fuska ke nan har ku tafi.

In za ku yi walimar ban kwana kuma kuna so makwabta su ci, ku ba Musulmi ya yanka dabbar, a sanar tun wuri, kada a sa burukutunsu da ake kira pito a wurin. Kada ziyara ta faɗa kan lokacin salla, musamman Juma'a daga tsakar rana.

Tsaraba: albasa suna da ita a kasuwa, tamu ce ma. Ku riƙe abin da aka san ƙasarmu da shi, kamar cuku, dabino, takalmi ko jakar fata, tabarmar kaba ta Madawa. Tsarabar jika 2 zuwa 3, wato sefa 2,000 zuwa 3,000, kowane gida ta isa, kuma duk gidajen su sami iri ɗaya, don za su gwada. Kuɗinsu sidi ne. A 2007 aka cire sifili huɗu, sidi 10,000 na da ya zama 1, amma tsofaffi har yanzu sukan yi lissafi da na da, kamar yadda muke ƙirga da dala. Ku tambaya sau biyu kafin ku zaci an cuce ku.

Maman Tagwaye

Salama. Ɗana, bari in yi magana kan 'yan matan huɗu, don abotarsu ba a zaure take ƙulluwa ba, a madafa ce da bakin famfo. Uwargida za ta hana su aiki kwana biyun farko, wannan girmamawa ce, su karɓa. A rana ta uku su tashi kafin a tashe su, su ɗauki tsintsiya, su bi 'yan matan gidan ɗiban ruwa. Ranar da aka miƙo wa baƙuwa muciya aka ce ta tuƙa, ana tsaye ana dariyar yadda gumi ke zubo mata, ranar ta zama 'yar gida. Su tafi da zane 3 ko 4 da kallabi, wando ya zauna cikin jaka.

Abinci ba zai ba ku wahala sosai ba. Tuwonsu ma sunansa daga Hausa yake, tuwon zafi, ana ci da miyar ayoyo, wato lalo. Akwai shinkafa da wake, akwai koko da ƙosai da safe. Wanda bai iya cinyewa ba ya rage tun kafin ya sa hannu, ya ce a ba yara, ya fi a mayar da kwano an jagwalgwala. Ruwan maraba kuwa ana karɓa a kai baki ko kaɗan ne. Sauran yini a sha na leda ko dafaffe. In zawo ya kama wani: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Zazzaɓi kuma a je a yi gwaji ranar, kowa da gidan sauronsa. Kuma kada ku ɓoye wa masu gida rashin lafiya don kunya. Za su ji zafi in daga baya suka sani, jinyar baƙo kuma tana cikin abubuwan da ke haɗa mutane.

Abu biyu ke ɓata irin wannan tafiya fiye da komai. Na farko, saurayi da budurwa. Mako 3 ya isa a saba, bai isa a san juna ba. A kafa doka tun a Yamai: ba fita biyu-biyu tsakanin namiji da mace, ba maganar aure. Wanda zuciyarsa ta kama, ya dawo gida ya bi ta dattawa. Yarinyar da aka yi wa alkawari aka tafi, ita ke zama da maganar unguwa. Na biyu, hoto. A nemi izini kowane lokaci, na yara a wurin iyayensu. Kada a ɗauki rumbun da ya rushe ko yaro mai yagaggiyar riga don a nuna wa majami'a. Mutanen can ma suna Facebook, za su ga yadda kuka nuna su. Wanda kuma ya zo muku da tambaya kan bangaskiya a keɓe, sunansa da fuskarsa ba na intanet ba ne, kuna iya haɗa shi faɗa da danginsa.

Baba Dattijo, ku gafarce ni, a maganar kuɗi ban bi ku gaba ɗaya ba. A wurinmu da wurinsu, abokin da ba a taɓa cin nasa ba ai ba aboki ba ne. Matar da ta ba ka gadonta ta kwana ƙasa, aka yi haihuwa a gidanta, ka ce mata ta je wurin fasto? Wannan ba tsari ba ne, rowa ce za a kira shi.

Ɗan Bukoki

Na gode, iyayena, duk na rubuta. Amma Baba da Mama, kun bar ni tsakiya. Ina iyakar take? Me zan ce wa yaranmu su bayar, me zan ce su kai gaba?

Dattijon Tawa

Maman Tagwaye ta yi gaskiya, na taƙaita fiye da kima. Bari in raba shi.

Akwai gudummawar zumunci: suna, biki, rasuwa, dubiyar mara lafiya, tukuicin yaron da ya kawo saƙo. Wannan kowa ya bayar daga aljihunsa, amma daidai da abin da makwabta ke sawa. A tambayi uwargida a ɓoye nawa ake bayarwa. In ka ninka sau goma ka ƙasƙantar da duk wanda ya bayar kafin kai, ka kuma sanar da gari cewa kai rijiya ce. Jika 5 da aka canza ƙanana, kowane mutum, za ta ɗauki mako ukun.

Akwai kuma ɗaukar nauyi: kuɗin makaranta, jari, waya, aikin asibiti, kuɗin mota zuwa wata ƙasa. Wannan shi ne ba a yanke shi a tsaye. Dalili uku. Kai baƙo ne, ba ka san wa ya fi buƙata ba, kuma mai bakin roƙo sau da yawa ba shi ne mai yunwar ba. Sannan abin da ka ba ɗaya, gida bakwai za su ji kafin magariba, faston ne zai zauna da hassadar bayan kun tafi. Na uku, daga ranar da ka fara aikawa duk wata, in wayarsa ta shigo gabanka faɗuwa zai yi, shi ma kunyar kiranka zai ji in ba roƙo. Haka abota ke mutuwa, ba faɗa ba zagi.

Ku ware asusu ɗaya na tafiya don irin wannan, ku damƙa shi ga mutum 2 na ikkilisiyar can, ba fasto shi kaɗai ba, don ku tsare shi daga zargi. In ciwo ne na gaggawa a biya asibiti kai tsaye a karɓi rasit. In makaranta ce, a faɗi iyaka a fili kuma a rubuta: shekara ɗaya, kuɗi kaza, a biya makarantar.

Ku koya wa yaranku amsa. "Za mu gani" da "in Allah ya yarda" mu mun san sau da yawa hanyar zamewa ce, amma daga bakin baƙon da ya zo da sunan Allah, alkawari ake ji. Alkawari kuwa kaya ne. A ce: "Wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai, zan kai wa dattawa, ranar Laraba za ka ji amsa." Ranar Laraba a kawo amsar, ko da a'a ce, kuma da ƙafa a kai ta. Washegari a koma gidan a gaisa, don ya san a'a ɗin ba ta taɓa zumuncin ba.

Maman Tagwaye

Yanzu mun haɗu, Baba. Saura ban kwana da bayan dawowa, wanda ba a taɓo ba.

Ku bar kwana 2 na ƙarshe ba aiki. A bi gida-gida, har sarki da limami da mai shagon da kuke sayen ruwa, a yi sallama a nemi gafara. Za a ba ku doya, zabi, man kaɗe, wataƙila rigar saƙi irin tasu. Ku karɓa, kada ku ce kaya sun yi yawa, kada kuma ku biya. In zabon ba zai kai Yamai ba, a yanka a ci tare daren. Tufafi da sauran kayan da za ku bari a tara su wurin shugabar zumuntar mata ta raba bayan kun tafi. Rabo a bakin mota yana jawo kokawa da kuka.

Lamba kowa zai nema, amma kowannenku ya zaɓi mutum 2 ko 3 da zai riƙe da gaske, ya fi alkawarin talatin. A rubuta lambar da +233 a gaba, ku ba su taku da +227, a gwada kira tun kuna tare. Ranar da kuka iso gida ku fara kiran masu masauki ku ce kun sauka lafiya, kafin ku sa komai a intanet. Bayan mako guda a sake, daga nan sau ɗaya a wata, a rana tsayayya, misali Lahadin farko. Saƙon murya na WhatsApp ya fi rubutu, don da yawa ba su karanta Hausa, kuma tsohuwa tana iya saurara sau biyar. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, kiran ƙarfe 6 na safe a nan ƙarfe 5 ne a can. A buɗe littafin nan na sunaye kafin a kira: yaya ƙafar Baba, yarinyar ta ci jarrabawa? Ku ma ku faɗi damuwarku su yi muku addu'a, kada kullum ku ne masu tambaya. Kirsimeti da Ista a gaida 'yan ikkilisiya, Salla ƙarama da babba a gaida makwabta Musulmi, haka bikinsu na Damba da ke zuwa a watan Mauludi. Hotunan da kuka ɗauka a wanke 20 ko 30 a aika musu.

Wata na uku zuwa na huɗu ne kiran ke yankewa, don haka a sa mutum ɗaya cikin takwas ɗin ya riƙa tuna wa sauran. In majami'a za ta sake aikawa baɗi, ku roƙa a koma ƙauyen nan maimakon sabon wuri, da aƙalla mutum 3 daga tafiyar farko.

Mai Albasar Galmi

Hotunan da 'yar tsaraba ba sai kun nemi hanya mai tsada ba, motocin albasa suna sauka Gana, a ba direban da aka sani ambulan da lambar mai karɓa a rubuce a baya. Sannan zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ba taku kaɗai ba ce. Tun yanzu ku sa kuɗin motar mutum 2 daga can cikin lissafinku, su zo Yamai su kwana gidajenku, su ci dambunku, a kai su bakin kogi. A aika musu takardar gayyata da hatimin majami'a, a tuna musu katin allurar shawara, kuma wani ya tarye su a tasha ko da ƙarfe 3 na dare motar ta shigo.